Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Mu Da Wutar Bakolori

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa lura da cewa a finafinanmu na Hausa ba a ɗauke wuta? Duba dai da kyau. Falon Alhaji kullum tas yake da haske, fanka na juyawa, Hajiya ta buɗe firij ta ɗauko lemo yana raɓa. A littattafan soyayya ma haka abin yake: yarinya ta shige ɗakinta ta kunna na'urar sanyaya ɗaki, ta faɗa kan gado ta yi ta rusa kuka har asuba, ba a taɓa cewa kukan ya tsaya don zufa ta ishe ta ba. Alhali duk wanda ya taɓa zuwa wurin ɗaukar fim ya san akwai janareto a bayan gida yana ta ruri, har wani lokaci idan ka kasa kunne a tsofaffin kaset-kaset za ka jiyo gurnaninsa a ƙarƙashin hirar saurayi da budurwa. Ni ban ga laifin 'yan fim da marubuta ba. Mafarki suke sayar mana, kuma a ƙasar nan wuta ta awa 24 tana cikin manyan mafarkai.

To amma yau labarin wani gari nake son in ba ka, ko in ce garuruwa uku, waɗanda bai kamata a ce wuta ta zama mafarki a wurinsu ba: Talata Mafara da Bakura da Maradun. Nan ne yankinmu, a yammacin Jihar Zamfara. Idan ka taso daga Gusau za ka Sakkwato, dole ka ratsa Mafara, ka ga shinkafa shar a gefen hanya ko da rani ne, ka ga masu albasa da tumatir da rake. Wannan koren da kake gani daga madatsar ruwa ta Bakolori yake. Abin da matafiyi ba ya gani daga cikin mota shi ne, a jikin wannan madatsar akwai tashar samar da wutar lantarki.

E, ka ji ni daidai. Tashar wuta. An gina ta tare da dam ɗin tun farko.

Bari mu koma baya kaɗan, domin yaran yanzu da yawa sun ɗauka Bakolori wurin kamun kifi ne kawai. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta ba wani kamfanin ƙasar Italiya mai suna Impresit kwangilar datse Gulbin Sakkwato a ƙasar Maradun. Lokacin kuɗin man fetur ya shigo, ana ganin babu abin da zai gagara. Aka kammala ginin a 1978. Bangon ya haura kilomita 5 a tsawo, tafkin da ya taru a bayansa kuwa an ƙiyasta zai riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma shanye ƙasa kimanin hekta 8,000. Manufar ita ce a shayar da gonaki hekta 23,000. Daga ciki, wajen hekta 8,000 ruwa zai gangara musu da kansa ta magudanai, sauran hekta 15,000 kuwa da feshi za a ba su ruwa, wato a turo shi da injina ta cikin bututu ya riƙa fita sama yana zuba kamar ruwan sama. Injinan turo ruwan nan ba da addu'a suke aiki ba, wuta suke sha. Shi ya sa aka sa injinan da ruwa ke juyawa a gindin dam, masu ba da megawat 3, aka kuma kafa tashar dizal mai megawat 7 a matsayin majingina.

Ka riƙe wannan a ranka: kusan kashi biyu cikin uku na aikin Bakolori a kan wutar lantarki aka ɗora shi.

Yanzu sai maganar abin da aka biya. Ba kuɗin kwangila nake nufi ba, wannan gwamnati ta sani. Ina nufin abin da talaka ya biya. Dubban mutane aka tasa daga gidajen kakanninsu da gonakinsu na fadama aka kai su tudu, inda ƙasar ba ta kai wadda suka bari ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin kuma aka hana su noma shekara da shekaru ana baje ƙasa da katafila, aka sare itatuwan kuka da ɗorawa da tsamiya da mutum ya gada, diyya kuwa ta zama sai wane da wane. Mutanen da ke can ƙasa da dam ɗin su ma ba su tsira ba, domin ambaliyar da ke cika musu fadama kowace shekara ta ragu, mai noman shinkafa ya koma gero da dawa, masunta suka rataye koma. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyi, suka hana ma'aikatan kamfani wucewa. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin Shehu Kangiwa na gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka, Birnin Tudu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu bincike da suka bi sawun abin daga baya sun ce sun haura 380. Har yau idan ka zauna da dattawan yankin ka ambaci shekarar, sai ka ga fira ta mutu, kowa ya sunkuyar da kai. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Saboda haka idan na ji ana ce wa mutanenmu wai ba sa son biyan kuɗin wuta, sai abin ya tsaya mini a wuya. Ba na goyon bayan satar wuta, kuma na san akwai masu yi. Amma a yi mana adalci wajen lissafi, a fara daga 1980.

Me ya faru da feshin? Waɗanda suka girma a farkon shekarun 1980 suna ba da labarin yadda ruwa ke tashi sama a tsakiyar rani, rana na dukansa yana yin bakan gizo, yara na bi ta ciki a guje. Abin bai daɗe ba. Injin da aka sayo daga Turai yana son gyara, yana son kayan gyara daga Turai, yana son ma'aikacin da za a biya albashi ya kula da shi. Kuɗin mai ya faɗi, Turawan kwangila suka tattara nasu ya-nasu suka tafi. Injinan wuta suka tsaya, dizal ya gagara saye, famfunan turo ruwa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Bututun da ke shimfiɗe a gonaki kuwa, tun da ba mai tsaro, aka yi ta ɗiba. Zuwa 2003 aikin feshi ya mutu murus, abin da ake nomawa da ruwan dam bai wuce hekta 7,500 ba, wato wajen sulusin abin da aka yi alkawari. Ka ga ke nan a wurinmu rashin wuta bai tsaya ga a ɗauke ana tsakiyar kallon fim ba. Gonaki hekta dubu goma sha biyar ya mayar sai an jira damina, kamar ba a taɓa zubar da jinin kowa a kansu ba.

Wani zai ce, to megawat 3 ɗin me zai yi? Gaskiya ne ba zai ɗauki ƙananan hukumomi uku ba, kuma ƙarfinsa na bin yawan ruwan da aka saki. Amma yi lissafi da kanka. Megawat 3 shi ne wat miliyan 3. Gidan talaka mai ƙwan fitila huɗu da fanka biyu da talbijin da wuya ya ja fiye da wat 300. Raba ka gani: gida 10,000 ke nan. Ko a bar gidaje, a ce asibiti da gidan ruwa da makarantun kwana da masu injin casar shinkafa kawai za a ba, ai da an rage zafi. A zamanin mulkin Buhari an sa Bakolori cikin jerin ƙananan madatsun da aka ce za a ba 'yan kasuwa haya su samar da wuta, tare da irin su Jibiya da Zoɓe na Jihar Katsina. Mun ji a rediyo, mun yi murna, mun ci gaba da sayen batirin tocila.

Wutar da muke gani jefi-jefi kuwa daga uwa duniya take zuwa. Akwai babbar tashar karɓar wuta a Mafara, wadda layi ya haɗa da Sakkwato ta ɓangare ɗaya, da Gusau ta ɗaya ɓangaren, amma asalin wutar sai ka dangana da Kainji ko Shiroro a Jihar Neja, ko ma tashoshin gas na kudu. Tafiyar ɗaruruwan kilomita ce a kan waya, cikin daji. Ƙarfe ɗaya ya faɗi a inda ba ka taɓa jin sunansa ba, sai ƙanƙarar mai sayar da zoɓo a Bakura ta narke. Mun ga haka ƙarara a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya sami matsala. Yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Jaridu suka yi ta kururuwa saboda abin ya taɓa Kano da Kaduna. A ƙauyukanmu da yawa kuwa ba a ma san an yi ba, don wanda ke kwance ba ya tsoron faɗuwa.

Su kuma masu kula da wutar, sunansu ya fi aikinsu sauyawa. A 1972 aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun Neja aka haifi NEPA. A 2005 aka yi dokar gyaran fuska aka raɗa mata PHCN. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Zamfara ta faɗa hannun kamfanin Kaduna tare da Sakkwato da Kebbi. Aka ce mana yanzu kam an gama, tun da ɗan kasuwa ba ya wasa da ribarsa. A watan Janairu na 2024 hukumar NERC mai sa ido ta rushe shugabannin wannan kamfani saboda bashin da ya kai wajen Naira biliyan 110. Tsakanin nan an yi alkawura ba iyaka. Marigayi Bola Ige ya zo a 1999 da zafinsa yana cewa zai kawo ƙarshen ɗauke wuta cikin ɗan lokaci, bai jima ba aka sauya masa ma'aikata. A 2008 Majalisar Wakilai ta yi zaman bincike kan dala biliyan 16 da aka ce an kashe a harkar, muka sha kallo a talbijin, a ranakun da akwai wutar kallon. Bayan duk wannan, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ta daɗe tana rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar. Yaro kuwa har gobe idan ƙwai ya kama, "Nepa!" yake ihu. Shi ya fi mu gaskiya, bai ga abin da ya canza ba balle ya canza suna.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba ɗaukewar ba ce, yadda aka koya mana godiya ne. A kawo wuta ƙarfe biyun dare, sai ka ji unguwa ta farka kamar safiyar Sallah: mai guga ya tashi, mai caji ya laluba soket, uwar gida ta tashi yara a kunna famfo. Da safe a majalisa ana cewa, "Kai, jiya sun yi ƙoƙari, har awa ukku munka samu!" Ƙoƙari fa. Idan taransifoma ta ƙone, ba a ma tsayawa jiran kowa; mai unguwa zai sa a yi shela, a bi gida-gida a yi karo-karo, a sayi mai, a sayi waya, a biya kuɗin mota. Ran da aka gyara, sai ga takardar kuɗin wata ta iso har da na kwanakin da aka yi a duhu, tun da babu mita, ƙiyasi ne. Kai ka sayi falwaya, kai ka sayi waya, kai ka gyara taransifoma, sannan a zo da tsani a yanke ka. Ko a fim aka sa wannan, sai 'yan kallo su ce darakta ya cika ƙari.

A watan Afrilu na 2024 kuma aka fito da rabon da ya fayyace wa kowa matsayinsa. Aka ce masu rukunin farko za su riƙa samun aƙalla awa 20 a rana, su biya Naira 225 kan kowane ma'auni maimakon wajen Naira 68. Ma'anar wannan a aikace ita ce, 'yar wutar da ke akwai za ta fara bi ta inda kuɗi yake. Ɗan kasuwa bai yi ƙarya ba, haka kasuwa take. Sai dai ka tambayi kanka, a wane rukuni ƙauyen da ke bakin dam zai faɗa?

Mutanenmu dai ba su zauna ba. Da janareto ƙarami aka fara, wanda ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina". Da shi aka riƙe gidajen kallo tun zamanin kaset har zuwa faifan CD, da shi aka kalli ƙwallon Turai, da shi mai aski da mai cajin waya suka ci abinci. Kai mai karatu da ka taɓa biyan Naira goma ka zauna a benci, ka san yadda ake yi idan mai ya ƙare daidai inda asirin kishiya zai tonu: ihu, da zagin mai gida, da yaro a guje da galan. Masu karatun littafi kuwa fitilar ƙwai ce abokiyarsu, da aci-balbal, a karanta har hanci ya yi baƙi, a mayar wa mai haya da safe kafin kuɗi ya ƙaru. Ni kaina rabin littattafan da na sani a irin wannan hasken na karanta su. Muna tuna abin da daɗi yanzu, har mu yi dariya, amma kada daɗin tuna baya ya sa mu manta cewa a wannan daren da muke dariya akwai matar da ke naƙuda ana haska mata tocila.

Sannan ko janareton ma ya zo ya gagara. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe layukan waya a Zamfara, aka hana sayar da fetur a jarka. An yi ne don a toshe wa mutanen daji hanya, amma mai walda da tela da mai niƙa su ma da jarka suke sayen mai. A ƙarshen watan Mayu na 2023 aka cire tallafin fetur, kafin ƙarshen 2024 lita ta kai Naira dubu. Yanzu sola ake yayi. Duk wanda ya sami hali ya ɗora faranti a kan rufi, masallatai da shagunan magani sun koma can, kuma Alhamdu lillahi, rana dai ba a yi mana rowarta ba. Amma sola ta mai hali ce, kuma ƙaramin faranti ba ya juya injin casa. Abin da ke faruwa shi ne kowa na ficewa daga layin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, ana barin wanda ba shi da yadda zai yi. Ran da masu murya suka gama ficewa, wa zai yi magana a kan taransifomar unguwa?

Ga wani abu da zan faɗa, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi daga 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi daga 2011 zuwa 2019. Bello Matawalle na Maradun ya yi daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 cif ke nan mulkin jiha na hannun 'ya'yan da suka san hanyar Bakolori ba sai an yi musu kwatance ba. Ban ce ba su yi komai ba, kowanne na da ayyukan da magoya bayansa za su lissafa. Kuma suna da hujjar da ba za a raina ba: dam ɗin na Tarayya ne, yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wutar ma a wancan lokaci doka ta ɗaure ta a Abuja. Na yarda. Sai dai mu da muke cika filin taro, muna tafi, muna karɓar atamfa da taliya, sau nawa muka tsayar da ɗan takara muka ce masa, ranka ya daɗe, ina labarin injinan gindin dam? Wanda bai tambaya ba, ba a yi masa ƙarya ba.

Wannan hujja ta "abin na Tarayya ne" ma yanzu ta yi rauni. A 2023 an gyara tsarin mulki, aka kuma sa hannu kan sabuwar dokar lantarki wadda ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar sa ido ta kansu. Jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun riga sun karɓi ragamar tun 2024. Dam ɗin bai tashi daga hannun Tarayya ba, amma ƙofar zama a yi yarjejeniya a buɗe take, kuma gidan gwamnati na Gusau ya fi Abuja kusa da mai son kai kuka.

An dai taɓa Bakolori a 'yan shekarun nan, kada in yi rowar gaskiya. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 don shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani a Arewa, kuma Bakolori na sahun gaba. An yashe magudanai, an gyara hanyoyin cikin gona, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, manoma da yawa sun ga amfanin abin. Amma ka san dabarar da injiniyoyi suka kawo wa filayen feshin nan? Cewa suka yi a mayar da wani sashe nasu tsarin da ruwa zai gangara da kansa, ba sai an turo shi ba. Ta fuskar aiki shawara ce mai kyau, domin gangare ba ya ƙonewa, ba ya neman kayan gyara daga Italiya. Ta wata fuskar kuwa, takardar shaida ce da masana suka sa wa hannu cewa kada wanda ya sake ɗora abincin jama'a a kan wutar ƙasar nan.

Inda gangaren bai kai ba, manomi ya koma ga ɗan injinsa na ban-ruwa. Da sassafe za ka gan shi a kan babur, injin a ɗaure a baya, galan na lilo a gefe, ya biya gidan mai tukuna kafin ya wuce gona. Ruwan da zai ja ɗin, ta gindin dam ya fito, ya wuce ta gefen ɗakin da aka gina don ya juya injin wuta.